Keken da Kawu Labbo Ya Ƙi Yi wa Fenti

Mai karatu, ina gargaɗinka tun kafin ka yi nisa. Idan kana cikin masu yawo ƙauye-ƙauye da waya a hannu, kuna leƙa zaurukan mutane da bayan rumbunansu kuna neman tsohon keke, ku saye shi a kuɗin ƙarfen bola ku aika birni a ba ku kuɗin ɗan maraƙi, to wannan rubutu ba zai yi maka daɗi ba. Ban kuwa rubuta shi don ya yi maka daɗi ba. Wasu sun ce mini ba a kawo maganar ciniki cikin ta'aziyya, wasu sun ce in rufa wa gidana asiri. Na ji su duka. Amma mutumin da nake tunawa a nan, ciniki ne rayuwarsa, kuma idan na ɓoye abin da ya faru a gidana, na ci amanarsa bayan ransa.

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni a Birnin Kebbi. Ina tsakar gida ina baza shinkafar da na guma a kan tabarma, sai wayata ta yi ƙara. Inna Ige ce, matar Kawu Labbo, daga Argungu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Kulu, sai haƙuri. Kawunki ya riga mu." Na yi salati, na zauna a ƙasa inda nake. Da na ɗaga kai, idona ya sauka a kan zaure, inda wani baƙin keke ke jingine an rufe shi da buhu. Abin da ya fara kama ni kafin kuka shi ne kunya. Zan faɗi dalili, amma sai na fara faɗin ko wane ne shi.

Kawu Labbo ƙanen mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina da shekara shida, shi ya ɗauke ni ya kai ni gidansa, shi ya sa ni makaranta har na gama sakandare, shi ya aurar da ni. Sana'arsa gyaran keke, a wata rumfa kusa da kasuwa, ƙarƙashin dogonyaro. Kayan aikinsa ba su da yawa: sifana, guduma, famfo, gwangwanin girisi, da wani tsohon kwano mai ruwa da yake tsoma tif a ciki don neman huda. Ya fi shekara hamsin a wurin nan. A kan kariyar kekensa na fara zuwa makaranta, ya ɗaure mini tsumma a kai don kada ƙarfe ya dame ni, yana tuƙi yana tambayata karatun jiya. Idan na ɓata, sai ya tsaya ya sauke ƙafa ƙasa, ba ma tafiya sai na gyara.

Ina da shekara tara na fara ganin irin cinikinsa da idona. Ranar kasuwa ce, na kai masa fura. Wani manomin albasa daga Augie ya zo yana jan kekensa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce keken ya mutu, feda tana juyawa ƙafa ba ta tafiya, a saya ko nawa ne ya samu na mota ya koma gida. Ya faɗi kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba. Kawu ya durƙusa ya duba, ya ɗauki guduma ya buge wata 'yar ƙusa da ke riƙe hannun feda, wadda suke kira kota, ya sa sabuwa. Ya ce, "Hau mu gani." Mutumin ya hau, keke ya tafi lafiya ƙalau. Ya dawo yana dariya kamar yaro, ya biya kuɗin kota ya kama hanya.

Da yamma na ba Inna Ige labari, ina ganin abin yabo ne. Sai ta tare shi tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, kai ciniki kaka yi ko wa'azi? Mutum ya ce ya sallama, ka mai da mashi da abinai?" Ya aje takalmansa, ya ce, "Ya sallama don bai sani ba. Sallamar wanda bai sani ba, ni ba ni amsa ta." Ran nan da miyar kuka babu nama muka ci tuwo, kuma Inna ba ta ƙara yi masa magana ba sai da gari ya waye.

Haka yake idan shi ne mai saye. Kafin ya taya, sai ya gaya wa mai keke abin da keken zai yi a kasuwa idan an gyara shi, da abin da gyaran zai ci, da abin da shi yake so ya samu a kai. Idan ya ga mutum a matse yake, yakan ce, "Tahi ka kwana bisa maganag ga. In ka komo, mu yi ciniki." Da yawa ba su dawo ba, don sun samu wanda ya ba su fiye. Bai taɓa jin haushinsu ba.

Idan kuma shi ne mai sayarwa, akwai ɗabi'ar da duk Argungu ta san shi da ita. Ba ya shafa fenti a kan walda. Duk keken da ya taɓa karyewa aka haɗa shi, zai bar wurin a buɗe, ya ɗan shafa girisi don tsatsa, har mai saye ya zo. Sai ya kama hannun mutum ya ɗora yatsarsa a kan tabon. "Ka ji shi? Nan ya taɓa karewa. Ni na haɗa shi, kuma na tsaya mashi. Amma ka sani." Sai an gama ciniki, an biya, sannan yake buɗe gwangwanin baƙin fenti. Akwai wani malamin firamare da ya sayi keke a wurinsa, washegari Kawu ya rufe rumfa ya bi shi har makaranta, ya sa aka kira shi daga aji, don ya manta bai gaya masa ƙafar baya ba ta ainihin keken ba ce.

Ba zan ce waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, bakinsa yana da kaifi, kuma ban taɓa jin ya yabi aikin wani makaniki ba. Ɗakin Inna ya yi damina biyu yana yoyo kafin ya canza kwano. Abokan sana'arsa da suka fara tare wasu sun koma sayar da babura, sun gina benaye, sun je Makka sau uku. Shi sau ɗaya ya je, shi ma sai da muka haɗa masa. Na ji masu cewa wauta ce ta hana shi arziki. Duk wanda ya sake faɗa a gabana, zan tambaye shi mutum nawa za su iya rantsewa bai taɓa cutarsu ba, kamar yadda aka cika ƙofar gidan Kawu ana rantse masa.

Da babura suka yawaita, keke ya faɗi. Manoman fadama suka rataye nasu a zaure, wasu suka jefa bayan rumbu kaji na kwana a kai. Kawu ya koma facin taya da gyaran kekunan yara. Sai ga shi a 'yan shekarun nan abu ya juya. Mutanen Abuja da Legas suka fara neman baƙin keken nan na zamanin iyayenmu, mai birkin sanda da ƙararrawa da tambarin tagulla a goshi. Wasu tara su suke yi a gida kamar kayan ado, wasu su hau ranar hutu a ɗauke su hoto. Idan keke yana da tsohon farantin lasin na zamanin En'e a jikinsa, kuɗinsa ya ƙara hawa. Samari suka gano haka, suka bazu Ambursa da Zauro da Augie suna tambaya, "Akwai tsohon ƙarfe na sayarwa?" Ba sa cewa keke. Ƙarfe suke cewa, don mai shi ya yi lissafin kilo.

Kawu ya zama abin nema, don shi kaɗai ke iya duban keke sau ɗaya ya faɗi abin da yake na ainihi da abin da aka canza. Bai ƙi wannan kasuwa ba. Ya yi dariya, ya ce Allah Ya dawo da abincinsa da tsufa. Shi ma ya saya ya sayar, ya ci riba, yana cewa, "Riba halal ta, in kowa ya san abin da anka yi." Sai dai bai canza komai daga yadda yake yi ba. Wanda ya kawo masa keke daga ƙauye, sai ya fara jin kuɗin birni daga bakin Kawu.

Yanzu na zo kan gidana. Basiru ɗana ne na uku. Ya gama jami'a shekara huɗu ke nan, babu aiki. Ya rubuta takardun neman aiki har na daina tambayarsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya zaman banza da 'yan iska, yana sallarsa. Da ya shiga harkar tsofaffin kekuna na yi murna, na ce ya gaji kakansa. Wata rana ya shigo da baƙin keke yana rawar jiki. Ya ce ya samo shi a Zauro wurin wata tsohuwa a kan naira dubu goma sha biyar, kuma wani mutum a Abuja ya ga hotonsa ya ce zai biya dubu ɗari huɗu idan an gyara shi. Ya ce, "Mama, firjin nan da kike ta magana, ki fara share masa wuri."

Mako uku kafin rasuwar Kawu muka ɗora keken a kan mota muka tafi Argungu, Basiru don a yi masa gyara da fenti, ni don in duba tarin da ke damun Kawu. Mun same shi a rumfa, ya rame, amma yana zaune da sifana a hannu. Tsakaninsa da Basiru wasan jika da kaka ne, ba sa haɗuwa sai sun taɓa juna.

Basiru ya ce, "Tsoho, kana nan? Na zaci ka bar mini matata na zo ɗauka."

Kawu ya ce, "Da mi za ka ci da ta, ɗan boko? Da takardun da ka tara cikin jikka?"

"Yau dai da kuɗi na zo. Duba nan ka ga abin da idonka bai taɓa gani ba."

Ya yaye buhun. Kawu ya miƙe a hankali, ya kewaya keken. Ya taɓa tambarin, ya buga ƙararrawar, ya goge farantin lasin da gefen riga. Sai ya kai hannu ƙarƙashin sirdi, inda sanda ta haɗu da sanda, ya tsaya. Dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Wanga keken Nomau na. Nomau na Zauro."

Basiru ya ce, "Ka san shi?"

"Ni na yi waldag ga. Ya ɗauko buhu biyu na shinkahwa daga fadama, ya hwaɗa rami. Bisa kai ya kawo man shi. Ina Nomau?"

"An ce ya rasu bara. Wurin matarsa na saya, Tumba."

"Nawa?"

Basiru ya faɗa. Kawu ya sake tambaya nawa za a ba shi a birni. Wannan ma ya faɗa masa.

"Ka gaya mata?"

"Kaka, ita ta faɗi kuɗinta da bakinta. Ban rage mata ko sisi ba. Ta ce ta sallama, na biya. Ina laifina?"

Kawu ya koma ya zauna. Ya ce, "Ɗauki abinka. Ba ni taɓa shi. Ka koma Zauro ka gaya mata abin da ka gaya man, in ta sake sallamawa, kawo shi in gyara maka kyauta."

Basiru ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Kawu bai ko dube shi ba. Da zan tafi ya kira ni gefe, ya ce, "Kulu, yaro na, kuma ya daɗe bai riƙa kuɗɗi ba. Amma ke ka riƙe da tukunya. Duk abin da ya samo, cikinta za shi ƙare."

Ga laifina, kuma ba zan rage shi ba. Na dawo gida na yi shiru. Na gaya wa Alhaji, mahaifinsu, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, in bar yaro ya samu abin kansa. Na ji daɗin wannan magana, don ita nake so in ji. Na ga Basiru ya kai keken wurin wani mai fenti a nan cikin gari, ya dawo da shi yana ƙyalli, babu alamar walda ko kaɗan, na kau da kai. Na ma share wurin firjin. Kwana huɗu kafin ya rasu, Kawu ya sa Inna ta kira ni. Muryarsa da ƙyar take fita. Bai tambayi lafiyar kowa ba, ya ce, "An mai da keken?" Na ce, "Ana shiri, Kawu." Ya ce, "To." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe a duniya, kuma ƙarya na yi masa a cikinta. Mota kawai Basiru ke jira mai zuwa Abuja.

An yi jana'iza bayan azahar. Ni ina cikin gida tare da mata, amma an gaya mini sahu ya kai har bakin titi, kuma yawancinsu manoma ne da suka bar ban-ruwa suka zo. Wasu matan da ban sani ba suka shigo da kwanon shinkafa, wasu da albasa, kowace ta zauna sai ta ba da labarin wani keke.

Ranar sadakar uku, wata mata ta shigo ta yi wa Inna Ige gaisuwa, sannan ta matso ta ce ɗanta ne ya aiko ta. Ya ce akwai tarkacen ƙarfe a ɗakin baya, kada su tara mata kunamu da macizai tana cikin takaba, zai kwashe su ya share ɗakin, ya kuma ba ta dubu arba'in ta rage hidima. Inna idonta ya kumbura da kuka, ta ce, "To, a ɗebe. Mi za ni yi da su?" Na ce a dakata. Na fita soro na aika aka kira mini Basiru, na gaya masa saƙon da sunan wanda ya aiko. Ashe abokin harkarsa ne.

Ban taɓa ganin Basiru ya fusata haka ba. Ya ce, "Dubu arba'in? Mama, kekuna bakwai ne a ɗakin nan! Tambarin guda ɗaya ya fi abin da ya faɗa. Wallahi ɓarawo ne. Ya ga tsohuwa cikin takaba ba ta san komai ba, shi ne zai zo ya kira su tarkace? Bari in same shi."

Na bar shi ya gama. Na ce, "Ai ta ce a ɗebe. Ta sallama da bakinta."

Ya dube ni. Ya gane inda na nufa, ya sunkuyar da kai, amma bai ba da kai ba. Ya ce, "Ba ɗaya ba ne. Waɗannan kayan magada ne."

Na ce, "Na Zauro ma mamaci ne ya bari."

Ya ce, "Mama, ni na san mai saye. Ni na san abin da ake nema. Da ban je ba, da 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli sun ba ta rabin abin da na ba ta, sun kai shi a narke. Sanin da na yi ba shi da kuɗi ke nan?"

Na ce, "Yana da shi. Sunansa la'ada, kuma a gaban mai kaya ake yanke ta. Jibi za mu Zauro, ni da kai da keken. In ba ka zuwa, ni zan je, in tura shi da hannuna tun daga titi kowa ya gani."

Muka je. Da safe ne, injinan ban-ruwa na ta ƙara a fadama. Mun sami Tumba a tsakar gida tana sheƙa, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Tana ganin keken ta aje faifai.

Ta ce, "Lale, ɗan boko. Ka komo? In ya ƙi tahiya, ka yi haƙuri, kuɗɗin sun shiga man injin. Ba ni da ko kwabo."

Na gaishe ta, na gaya mata ni 'yar Labbo mai keke ce ta Argungu, kuma ya rasu. Ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo. Na roƙi a kira babban ɗanta daga gona, don ina son shaida. Da ya zo, ƙafafunsa duk laka, na ce wa Basiru ya yi magana. Ya faɗi kuɗin da aka taya keken a Abuja, idonsa a ƙasa.

Tumba ta ce, "Dubu ɗari nawa?"

Ya ce, "Huɗu."

Ta dubi keken, ta dubi ɗanta, sai ta fashe da dariya. "Mutanen birni lahiyarsu ƙalau kuwa? Abin da kaji ka kwana bisa?" Sannan ta daina dariya, ta nuna Basiru da yatsa. "Ni dai na san da magana. Tun da nike ban taɓa ganin mai sayen ƙarhe da bai nemi ragi ba. Na ce sha biyar, ka zaro ka ba ni, kana waige-waige awa wanda ya ɗauko kazar mutane. Ran nan ban ci abinci da daɗi ba."

Ɗanta ya so ya ɗaga murya, ta hana shi. Aka zauna aka yi magana. Suka ce a sayar, don su ba su da abin yi da keke, taki suke nema. Aka yanke za a mayar wa Basiru abin da ya biya da abin da ya kashe, a ba shi kashi ɗaya cikin goma, sauran na magada.

Na ce saura abu ɗaya. Na sa Basiru ya ɗauko wuƙa ya kankare fentin da ke ƙarƙashin sirdi har waldar Kawu ta fito, ya ɗauki hotonta ya aika wa mutumin Abuja a gabanmu. Bai daɗe ba ya kira. Ya yi ta faɗa, ya ce an so a cuce shi, ya kashe waya. Can ya sake kira, ya ce zai saya, amma ya zabge kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Nan Tumba ta juyo kaina. Ta ce, "Ke ko wa ya aike ki? Mutum na can bai gani ba, bai tambaya ba, kin je kin tone muna?"

Na ce, "Inna, ke ma ba ki gani ba, ba ki tambaya ba, ga mu mun zo. Wanda ya hana a cuce ki, shi ya hana a cuce shi."

Ta yi tsaki, ta ce jinin Labbo ba ya ɓuya, taurin kai har ga mata. Amma da za mu tafi ta cika mini kwano da shinkafa, ta ce in kai wa mai takaba.

Kada wani ya zaci labarin ya ƙare da kowa yana murmushi. Abin da Basiru ya samu bai kai ko rabin kuɗin firji ba. Abokan harkarsa sun ji, suna kiransa ɗan Mama, sun daina gaya masa inda aka ga keke. Kwana biyar ke nan bai ci abincina ba, gaisuwa a tsaye yake yi mini ya wuce. Alhaji ya ce na tsananta, na kunyata yaro gaban mutanen ƙauye. Ban san abin da ke zuciyar Basiru ba, kuma ba zan ce ya tuba ba tun da bai gaya mini ba. Ɗana ne, fushinsa yana ci mini rai. Amma da in ga ya ƙoshi da haƙƙin marayun Nomau, gara ya yi shekara yana fushi da ni. Ɗakin bayan Kawu kuwa na sa masa kwaɗo, makullin yana hannun limamin unguwa, har ranar da za a raba gado a ƙiyasta kowane keke a bainar jama'a.

Abin da ya rage mini shi ne addu'a. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Labbo, Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa wa talakawa ciniki. Ka saka masa da gidan Aljanna kan riƙon marainiya da ya yi bai taɓa goranta mata ba. Ka ba Inna Ige haƙuri da lafiya, Ka rufa wa 'ya'yansa da jikokinsa asiri, Ka tsare su daga masu zuwa gaisuwa da sikeli a zuciya. Ka jiƙan Nomau da sauran Musulmi. Ni kuma Ka yafe mini amsar da na ba shi a waya, don shi ba ni da sauran hanyar neman gafararsa. Ka shiryi Basiru, Ka buɗa masa ƙofar halal mai faɗi. Amin.

Jiya bayan la'asar na tara 'ya'yana duka a tsakar gida, har da mai fushin, mahaifinsu yana zaune yana ji. Na gaya musu, kuma ina rubuta shi nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau, duk wanda ya sayo tsohon abu don ya sayar, keke ne, keken ɗinki ne, rediyo ne, ko tasar tagulla, ba zai tsallake zauren gidan nan da shi ba sai ya kawo mini lambar wanda ya sayar masa. Ni zan kira da kaina, in tambaye shi ko an gaya masa abin da kayansa za su yi a birni. In ya ce an gaya masa, a shigo da shi, Allah Ya sa albarka. In ya ce a'a, kayan su kwana a titi, kuɗinsu kuma ba za su sayi ko gishirin miyata ba.